Bin Doka da Ƙa'ida a Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Nijeriya: Matsalolin Asibitoci da Masu Sayar da Magani

Duk wanda zai buɗe wurin duba marasa lafiya a Nijeriya, babban asibiti ne ko ƙaramin shagon kemis, dokoki iri uku ne ke hawa kansa a lokaci guda: wadda ta shafi ma'aikacin, da wadda ta shafi ginin da kayan aikinsa, da wadda ta shafi maganin da za a bai wa majiyyaci. Kowacce da hukumarta, kowacce da kuɗinta da ranar sabunta takardarta. Tushen wannan rarrabuwa yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Kundin ya damƙa wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai sha'anin magunguna da guba, da killace masu cututtuka masu yaɗuwa, da tsara sana'o'in ƙwararru. Ya ambaci kiwon lafiya a cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke sa hannu, sauran kuma ya zama na jihohi. Shi ya sa likitan da ke Gusau lasisinsa daga Abuja yake fitowa, izinin buɗe asibitinsa kuwa daga gwamnatin jiharsa.

Hujjar da wannan maƙala ta tsaya a kanta ita ce, ƙasar ba ta rasa dokokin lafiya ba, kuma yawancinsu masu kyau ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, sun ɗora wa cibiyoyi nauyi ba tare da sun tanadi hanyar sauke shi ba, sannan tsaurinsu ya fi faɗa wa wanda ya kawo kansa ya yi rajista.

Ma'aikaci da lasisinsa

Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, wadda asalinta ya faro a 1963, ita ke riƙe da rajistar likitoci. Lasisin aiki na shekara ɗaya ne, kuma ba a sabunta shi sai da biyan kuɗi da shaidar halartar bitar ƙarin ilimi. Majalisar na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon jan kunne, ko dakatarwa, ko soke sunan likita daga rajista. Wanda hukuncin bai gamsar ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna ƙarƙashin majalisarsu da dokar 1979 ta kafa, masu ɗaukar hoton cikin jiki suna da hukumar 1987, jami'an lafiya na matakin farko ta 1992, masu aikin ɗakin gwaji ta 2003, masana harhaɗa magunguna kuwa an sabunta dokar majalisarsu, PCN, a 2022.

Riƙe lasisi shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Mai wuyar shi ne tsayawa a iyakar da lasisin ya shata, kuma ƙarancin ma'aikata ne ke rusa wannan iyaka. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuwa kimanin 55,000 ne, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu yana Legas da Abuja. A asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, wanda jama'a ke kira likita galibi jami'in lafiya ne na matakin farko. Yana da littafin umarni da ya fayyace masa cutar da zai yi wa magani da alamar da in ya gani dole ya tura majiyyaci gaba. To amma idan an kawo mace tana zubar da jini bayan haihuwa, ga damina, ga hanyar zuwa babban asibiti tafiyar sa'o'i ce, littafin ya ce a tura, halin da ake ciki kuma ya ce in an tura sai dai gawa ta isa. Duk abin da ya zaɓa, akwai wanda zai iya tuhumarsa.

Akwai kuma karya dokar da ba larura ce ta kawo ta ba, neman riba ne. Wasu asibitocin kuɗi suna ɗaukar 'yan mata su koya musu allura da sa ruwa, su ɗinka musu fararen kaya, su ajiye su a matsayin nas, alhali majalisar jinya ba ta san da su ba. Wasu masana magani suna jinginar da lasisinsu ga ɗan kasuwa: takardar na rataye a bango, mai ita yana wani gari, yaron shago ne ke bayar da magani. Haka ake yi da sunan likita wajen yi wa asibiti rajista. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, domin majiyyaci ya biya kuɗin ƙwarewar da bai samu ba, kuma bai kamata a haɗa shi a mizani ɗaya da halin jami'in ƙauyen nan ba.

Ginin da masu duba shi

Rajistar asibiti mai zaman kansa aikin jiha ne. Legas ta kafa hukumar HEFAMAA a ƙarƙashin dokarta ta 2006, Kano na da PHIMA, wasu jihohin kuma wani sashe ne kawai a ma'aikatar lafiya ke ɗauke da aikin. Sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta so ta daidaita su, inda sashe na 13 ya wajabta wa kowace cibiya mallakar takardar shaidar inganci, aka kuma bai wa waɗanda ke aiki tun da farko wata 24 su same ta. Wa'adin ya cika, shekaru suka shuɗe, tsarin bayar da takardar bai kankama a faɗin ƙasar ba. Ga laifi a rubuce ke nan, amma ƙofar kauce masa ba a gama gina ta ba.

Izinin jiha ma bai wadatar ba. Ɗakin gwajin asibitin na ƙarƙashin duban majalisar masu gwaji, ɗakin maganinsa na PCN, injin hotonsa sai da izinin hukumar kula da makamashin nukiliya, NNRA, sharar asibiti kuma ta hukumar muhalli ce, NESREA, tare da takwarorinta na jihohi. Kowace tawaga da ranar zuwanta da fom ɗinta. Babban asibitin koyarwa zai iya ware ma'aikata don wannan aiki. Ƙaramin asibiti mai gado goma, mai shi ne likita, shi ne akawu, shi ne mai tarbar masu duba gari. A ƙarshe abin da ake dubawa yakan koma rasit da takardu a bango. Tambayar ko ana tafasa kayan tiyata yadda ya dace, ko tsinin allurar da aka yi amfani da shi yana shiga akwatinsa ko yana ƙarewa a bolar unguwa inda yara ke tsince-tsince, ba kasafai take samun lokaci ba.

Magani da kasuwarsa

A nan matsalar ta fi zurfi, kuma Kano ce misali mafi bayyana. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa magani rajista ta ba shi lamba. PCN ke ba da lasisin wurin sayarwa. Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwa da tashar mota da duk wurin da ba shi da lasisi. Duk da haka, shekara da shekaru kasuwar magani ta Sabon Gari ce rumbun da kemis-kemis da asibitocin Arewa ke sari, har da masu zuwa daga Nijar da Chadi. Ƙa'idojin rarraba magunguna na ƙasa sun tanadi a maye gurbin irin waɗannan kasuwanni da cibiyoyin sari masu sa ido, kuma Kano ce ta fara kammala tata, a Dangwauro kan hanyar Zariya. 'Yan kasuwa da dama suka ƙi tashi, aka je kotu. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, NAFDAC da PCN suka garƙame shaguna fiye da dubu ɗaya.

Dalilin matakin ba ɓoyayye ba ne. Maganin ciwon suga na insulin, da allurar oksitosin da ake tsayar da jinin haihuwa da ita, da alluran rigakafi, duk sanyi suke so. Idan suka wuni a rumfar kwano cikin zafin Afrilu, kwalbar tana nan da lambarta da ranar ƙarewarta, amma ƙarfin maganin ya ragu. Ungozoma za ta yi allura, jini ya ƙi tsayawa, ba kuma wanda zai iya bin sawun kwalin zuwa inda ya lalace. Amfanin cibiyar sari mai sa ido ke nan: a san daga ina magani ya fito, a ina ya kwana. Sai dai koken 'yan kasuwar game da tsadar shaguna ba abin watsarwa ba ne. Duk kuɗin da aka ƙara wa dillali, a kan majiyyaci yake sauka, a ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa kai-tsaye. Ƙaramin asibitin da ya nace sai ya sayi magani daga tushe mai lasisi, yana gogayya ne da maƙwabcin da ke sayen mai araha.

Mai kemis shi ne likitan farko ga talaka. Lasisinsa ya ba shi damar sayar da magungunan da ke cikin jerin da aka amince masa kawai, a cikin kwalinsu na asali, ba tare da yin allura ko rubuta magani ba. Abin da ke faruwa a shaguna da yawa daban ne. Bayan kantar akwai labule, bayan labulen akwai benci, da ƙusa a bango inda ake rataye ledar ƙarin ruwa. Uwa za ta zo da yaro mai zazzaɓi da 'yan kuɗin da ba su kai na cikakken magani ba, a ɓare mata ƙwayoyi kala uku na kwana biyu a ƙulle a leda. Daga nan ne ƙwayoyin cuta ke koyon bijire wa magani. Haka kuma ta irin wannan ɓaraka maganin tari mai kodin ya malala cikin gidaje, har Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta watsa.

Rufe shago kaɗai ba ya warkar da wannan, domin buƙatar da ta buɗe shi tana nan. PCN ta gwada wata dabara a Kaduna da Legas: ta kasa masu kemis mataki uku bisa iliminsu, ta yadda wanda ya karanci jinya ko lafiyar al'umma zai samu izinin yin abin da wanda bai da horo ba zai samu ba. Wannan hanya ta fi kusa da gaskiyar rayuwa, kuma ta cancanci a faɗaɗa ta.

Jinyar gaggawa: wa zai biya?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya hana ma'aikaci ko cibiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin saɓawa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta ƙara da cewa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, dole ya karɓi mai raunin bindiga ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko da kuɗin kafin alƙalami ko babu, sannan ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'a biyu da fara jinya. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka addaba, wannan doka rai ce.

Amma a duba ta daga ɓangaren mai asibiti. Tsakar dare an kawo ɗan acaɓa da mota ta buge, waɗanda suka ɗauko shi ba su san shi ba, suna ajiye shi suka juya. Yana buƙatar jini leda biyu, da ruwa, da zaren ɗinki, da man janareta har asuba. Idan ya rayu, wataƙila danginsa ba su da abin biya. Idan ya cika, ana iya wayar gari likita na ofishin 'yan sanda yana rubuta jawabi, dangi kuma na zarginsa da sakaci. Gaba kura, baya siyaki. Daga nan ne aka samo maganar da kowa ya sani a bakin ƙofar asibiti, wato ba gado, ko likita ba ya nan. Wannan bai wanke wanda ya kori mai jini a jika ba, ko kaɗan. Amma doka ta hango matsalar: sashe na 11 ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ya ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, kuma tsarin motocin agaji da biyan asibitoci, NEMSAS, sai a 2022 ya soma gwaji a Abuja kafin ya fara shiga jihohi. Hukunci ya fara aiki tun 2014, biyan kuɗi ya biyo baya da tazarar shekaru. Muddin ƙaramin asibiti bai san teburin da zai kai takardar neman haƙƙinsa ba, da ranar da za a biya shi, sashe na 20 zai ci gaba da dogara da tausayin mai asibiti kawai.

Irin wannan jinkiri ne ke damun inshorar lafiya. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniya, kamar KSCHMA a Kano. Cibiyar da aka tantance ta ɗauki alkawarin duba mai kati ba tare da karɓar cikakken kuɗi ba. Idan kamfanonin inshorar, wato HMO, suka jinkirta biya, ko farashin da aka yanke ya gaza bin tsadar magani, sai mai kati ya fara jin cewa maganin ya ƙare, ya je waje ya saya.

Amincewar majiyyaci da sirrinsa

Kano ta ɗanɗani kuɗar wasa da wannan ƙa'ida. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a binciken da ya haɗa yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye suka ce ba a shaida musu gwaji ake yi ba, takardar amincewar kwamitin ɗa'a kuma aka gano an rubuta ta ne bayan an gama. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Asarar da ta fi kuɗi ita ce ta yarda: lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da ake kafawa. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da ya fito a 2007 na cikin matakan toshe wannan kafa.

A jinyar yau da kullum, doka ta bai wa baligi mai hankali ikon amincewa ko ƙin magani, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Okonkwo ta 2001. A aikace, fom ɗin amincewa da tiyata da Turanci yake, a yankin da mafi yawan majiyyata Hausa suke ji. Akan miƙa shi ga miji ya dangwala yatsa, matar da za a yanka tana kwance ba wanda ya yi mata bayani. Shawara da miji ko uba al'ada ce mai daraja, kuma ma'aikaci mai hikima ba ya taka ta. Sai dai amincewar da doka ta sani ta majiyyaciyar ce, kuma jiran mijin da ya yi tafiya ya sha jawo asarar uwa da jariri. Fassara fom zuwa Hausa, da boko da ajami, da karanta shi ga mai jinya, aiki ne da ba ya buƙatar kasafin Tarayya.

Game da sirri, sassa na 25 zuwa 29 na dokar 2014 sun wajabta ajiye fayil da tsare shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya a rukunin masu tsananin kariya, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72 idan suka fita ta hanyar da za ta cutar. Barazanar yau ba daga kabad ɗin fayil take ba, daga waya take: ma'aikaci ya ɗauki hoton rauni ko sakamakon gwaji ya tura zauren WhatsApp, ko a kira sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki a ɗakin da labule kaɗai ya raba shi da layin masu jira.

Akwai inda doka ta buƙaci a yi magana, wato rahoton cututtuka masu yaɗuwa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. A watan Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, wani majiyyaci mai ɗauke da cutar Ebola, barin wani asibiti mai zaman kansa a Legas duk da matsin lamba, aka sanar da hukuma, hakan ya taimaka wajen daƙile Ebola, ita kuma cutar ta yi ajalinta. Annobar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano daga ƙarshen 2022 ta sake nuna cewa majiyyacin farko sau da yawa a kemis ko asibitin kuɗi yake fara sauka, kuma su ne mafi rauni wajen kai rahoto.

Tilasta bin doka

Masu duba asibitoci ba su da yawa, motocinsu ba su da yawa, don haka jerin sunayen da ke ofis suke bi. Wanda ya yi rajista yana da adireshi, shi ake ziyarta, shi ake ci tara. Likitan bogi da ke tiyata a ɗakin haya ba ya cikin kowane jeri, ba a jin labarinsa sai ya kashe rai. Asibitocin gwamnati kuwa, waɗanda wasunsu ba za su tsallake sharuɗɗan da ake gindaya wa na kuɗi ba, ba kasafai ake garƙame su ba, saboda mai dubawa da mai asibitin ma'aikatarsu ɗaya. Wannan rashin daidaito ne ke koya wa mutane cewa fitowa fili asara ce.

Gyaran da ke hannun jihohi ba ya jiran sabuwar doka daga Abuja. Kwamishinonin lafiya na iya haɗa hukumomin nan su fita tawaga ɗaya, da fom ɗaya, a rana ɗaya, ana duba aiki kafin rasit, kuma ma'aunin ya hau kan asibitin gwamnati kamar yadda ya hau kan na kuɗi. Suna iya wallafa sunayen cibiyoyi da kemis masu lasisi a kowace ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da Hausa, a bai wa masu unguwanni da dagatai kwafi, tunda su ne suka san wanda ya kama haya ya rataye allo. Kira na musamman ga majalisun dokokin jihohi shi ne su gayyaci ma'aikatun lafiyarsu su bayyana nawa aka biya asibitoci na jinyar gaggawa a shekarar da ta wuce, kuma cikin kwana nawa aka biya.